Jagged Alliance 2 da kwaskwarimar 1.13: wanne ya kamata ka ɗora a tsohuwar laftof ɗinka?

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da ma'aikata a Katsina na hannu ne. An saye su don buga takarda da haɗa aikin makaranta, ba su da katin hoto na kirki, kuma da zarar zafin Afrilu ya kankama sai fankarsu ta kama kuka. Wasannin zamani ba sa tashi a kansu. Jagged Alliance 2 kuwa yana tashi lafiya lau, ba ya neman intanet bayan an ɗora shi, kuma a cikin wasannin dabarun yaƙi na bi-da-bi har yau da wuya a nuna wanda ya fi shi zurfi. Ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa. Amma shawarar da ake yawan ba sabon shiga, wai ya ɗora kwaskwarimar 1.13, wato sauye-sauyen da masoya wasan suka yi masa, tun ranar farko ya kunna komai, ita ce ke sa mutane su watsar da wasan tun ba su ɗanɗani daɗinsa ba.

Kamfanin Sir-Tech na Kanada ne ya yi shi, ya fito a 1999. Labarin a wata ƙirƙirarriyar ƙasa yake, Arulco, inda Sarauniya Deidranna ta ƙwace mulki, mijinta Enrico Chivaldori da ya tsere ya ba ka kuɗi ka ɗebo sojojin haya ka ƙwato ƙasar. Taswirar ƙasar layi 16 ce a tsaye, 16 a kwance, kowane yanki da sunansa na harafi da lamba, kamar A9 ko D13. A kwafin da aka fi samu komai da Turanci yake, rubutu da murya, don haka sai mai ɗan jin Turanci zai bi labarin.

Yadda faɗan yake

Muddin babu abokin gaba a ido, mutanenka na yawo ne a sake. Da an ga juna sai wasan ya koma bi-da-bi: kai ka motsa naka, ka danna D, su ma su motsa nasu. Kowane soja yana da makin motsi, wanda a asalin wasan ba ya wuce 25. Tafiya tana cin maki, tsugunawa tana ci, ɗaga bindiga yana ci, kowane ƙarin saiti da kake yi da danna dama na maus yana cin maki ɗaya, har sau huɗu. Maki 5 kaɗai ake iya tsallakawa da su zuwa zagaye na gaba. Rauni da gajiya da nauyin kaya duk suna rage makin.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne katsewa. Idan sojan sarauniya ya ɓullo ta inda mutuminka ke fuskanta, kuma mutuminka ya rage maki, to yana iya katse masa tafiya ya harbe shi a cikin zagayen abokan gaba. Gogewar soja ce ta fi yanke wanda zai samu wannan damar, kuma su ma suna yi maka haka. Saboda haka wanda ya ƙarar da makinsa kaf wajen gudu ya tsaya a fili, ya miƙa wuya ke nan. Wanda ya iya dara ya san wannan hankalin: ba cin da ka yi yanzu ne abin dubawa ba, inda ka bar 'ya'yanka bayan cin shi ne. A aikace, ka riƙa matsawa a tsugune da C, ka kwanta rub da ciki da P idan fili ne, ka juya fuskar mutum da L zuwa ƙofa ko kwanar da kake zargi, ka bar masa makin harbi ɗaya aƙalla. Z na sa shi sanɗa. Hawa rufin soro yana ba da fa'ida babba, domin na ƙasa ba ya ganin wanda ya kwanta a sama sai ya matso.

Rauni ma ba a shanye shi da ƙwaya ɗaya. Sandar lafiya tana nuna ja ga lafiyar da ta rage, rawaya ga raunin da ke zubar da jini, ruwan hoda ga wanda aka ɗaure. Akwatin agajin gaggawa tsayar da jini kawai yake yi. Warkewa sai an fita taswira an sa mai ilimin likita aikin jinya da jakar magani, an sa mai raunin a matsayin majinyaci, a jira sa'o'i ko kwanaki. Wanda lafiyarsa ta sauka ƙasa da 15 ya faɗi, idan ba a kai masa ɗauki ba ya tafi ke nan, kuma ba ya dawowa. Bindiga kuma tana tsufa, idan ta lalace sai ta cije a tsakiyar faɗa, don haka dole a cikin tawaga a samu mai gyara da akwatin kayan aiki.

Sojojin kansu su ne gishirin wasan. Kowa da muryarsa da halinsa da wanda yake so da wanda ba ya ƙauna. Steroid ba ya shiri da Ivan da Igor. Buns ba ta ƙaunar Fox. Raven da Raider miji da mata ne, Igor kuma ɗan ɗan'uwan Ivan ne. Idan ka haɗa maƙiya a wuri ɗaya, ƙwarin gwiwarsu zai faɗi, wani ma ya ƙi sabunta kwantiragi. Idan aboki ya mutu a hannunka, na rayen zai riƙe ka da shi.

Kuɗi su ne ainihin yaƙin

Nan ne mafi yawan sababbi ke faɗuwa. A matakin Novice ana fara ka da dala 45,000, a Experienced 35,000, a Expert 30,000. Hukumar A.I.M. tana ba da hayar soja na kwana ɗaya, mako ɗaya ko mako biyu, wasu kuma sai ka ajiye kuɗin jinginar lafiya, waɗanda ake mayar maka idan mutum ya gama aiki ba rauni. Wanda ya ɗauki manya irin su Gus ko Magic ko Shadow tun farko zai ci faɗan farko cikin sauƙi, mako na zagayowa ya tarar asusu wayam, tawaga ta watse.

Abu na farko, ka shiga shafin I.M.P. a laftof ɗin cikin wasan, ka sa lambar XEP624, ka biya dala 3,000 ka ƙirƙiri sojanka. Ba shi da albashi har abada. Ka kai hikimarsa 85, domin ita ke sa saurin koyo, kuma kada ka mayar da wata fasaha sifili idan kana son ya koye ta nan gaba, don abin da ke sifili ba ya tashi. Sannan ka ɗauki masu araha masu saurin girma na mako ɗaya ko biyu: Barry don buɗe kwaɗo da harhaɗa nakiya, MD don jinya, Grizzly ko Bull don ƙarfi, Igor ko Grunty ko Buns don harbi. Mutum huɗu ko biyar sun isa.

Za a sauke su a Omerta, yankin A9. Bayan faɗan farko ka ba Fatima wasiƙar Enrico, ta kai ka maɓoyar 'yan tawaye a A10 wurin Miguel Cordona. Ira za ta biyo ka kyauta, kuma ta iya koyarwa, abin da zai yi maka rana wajen horar da 'yan sa-kai. Daga nan sai garin Drassen: filin jirgi a B13, tsakiyar gari a C13, mahaƙar ma'adinai a D13. Kama mahaƙar kaɗai ba ya kawo ko sisi, sai ka nemi shugaban masu haƙa ka yi magana da shi. Mutane da yawa na tsallake wannan su zauna suna jiran kuɗin da ba za su zo ba. Yawan abin da ke shigowa kuma ya danganta da biyayyar garin gare ka, don haka isar da saƙon abinci ga Father Walker, limamin cocin garin, da kauce wa harbin farar hula duk lissafin aljihu ne.

Da filin jirgin ya shiga hannunka, kantin makamai na Bobby Ray da ke laftof ɗin cikin wasan zai buɗe, kaya su riƙa sauka a B13. Pablo mai kula da akwatunan yana da ɗan hannu. Ka ba shi na goro kafin kaya su iso. 'Yan sa-kai kuwa ana horar da 10 a zama ɗaya kan dala 750, yanki ɗaya na ɗaukar 20, kuma sai biyayyar gari ta kai kashi 20 cikin ɗari. Kada ka bar Drassen sai kowane yanki ya cika, in ba haka ba kana garin Cambria za ka ji an ƙwace mahaƙar. Sauran mahaƙun suna Chitzena, Cambria, Alma da Grumm, kuma ɗaya daga cikinsu za ta ƙafe a tsakiyar wasa, don haka kada ka jingina da guda. Jirgi mai saukar ungulu na wani matuƙi mai suna Skyrider yana rage wahalar tafiya ƙwarai, amma sai an kama sansanonin harbo jirgi, na D15 kusa da Drassen shi ne na farko, sannan D2 da I8.

Aibinsa ba ɓoyayye ba ne. Kwanakin farko da ƙananan bindigogi akwai cin rai, harbi biyar a samu ɗaya. Neman sojan ƙarshe da ya maƙale a wani ɗaki na iya cin minti ashirin. Jera kaya bayan kowane faɗa aiki ne. Manyan ƙwarin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Crepitus ba kowa suke burgewa ba. Wanda ba ya so ya zaɓi Realistic a farkon wasa.

Stracciatella: asalin wasan da aka share masa hanya

Ana sayar da wasan a shagunan wasanni na intanet GOG da Steam, da dala. Na GOG ya fi dacewa da yanayinmu, domin yana ba da fayil ɗin ɗorawa da za ka sauke sau ɗaya ka ajiye a filas, ba ruwanka da sake shiga intanet. Sai dai an rubuta shi ne don Windows na da, a sababbin Windows yakan yi tafiyar hawainiya ko hoto ya riƙa ƙyaftawa.

A 2004 kamfanin Strategy First ya saki lambobin ginin wasan tare da Wildfire, wata sigar wasan da aka sayar daban, daga nan masoyansa suka rabu gida biyu. Stracciatella ita ce ta masu son a bar wasan yadda yake. Ta gyara kurakurai, ta ba da damar faɗaɗa hoto ya cika allo, ta sa shi yana tashi a Windows, Linux, macOS da Android. Ɗora ta ba wuya: ka fara ɗora asalin wasan, ka sauke Stracciatella, ka buɗe manhajar ƙaddamarwarta, ka nuna mata foldar da wasan yake, wato wadda ke ɗauke da foldar Data, ka zaɓi harshen kwafinka da girman hoto. Kuskure biyu ne ake yawan yi: nuna mata cikin Data maimakon foldar da ke samanta, da zaɓar harshen da bai dace da kwafin ba. A waya ma sai ka kwafi Data ɗin zuwa cikinta. Yana aiki, amma rubutun ƙanana ne sosai, yatsa kuma ba ya maye gurbin maus wajen saiti. A babbar waya ko tablet ya fi daɗi.

Wannan ita muke ba duk sabon shiga shawara ya fara da ita, ya buga aƙalla har ya kama Cambria. Dalili shi ne ma'aunin asalin wasan a daidaice yake: makamai na zuwa sannu a hankali, kowace sabuwar bindiga tana da daraja, kuma mutum yana koyon katsewa da tattalin kuɗi ba tare da an dame shi da jakunkuna da ɗaruruwan kayan haɗi ba.

1.13: rumbun da ba ya ƙarewa

Ɗaya gidan shi ne 1.13, aikin jama'ar Bear's Pit, dandalin intanet na masoya wasan, wanda aka sa wa wannan suna saboda sigar kamfani ta ƙarshe ita ce 1.12. Ita ba gyara kaɗai ba ce, sake ƙera wasan aka yi. Makin motsi ya koma ma'aunin 100, abin da ya sa bambancin bindiga mai saurin ɗagawa da mai nauyi ya fito fili. Bindigogi sun kai ɗaruruwa. Aljihunan soja sun koma na riguna da jakunkunan da ya saka, har da jakar baya da ake sauke ta kafin faɗa don kada ta ci maki. Ruwan harsashi yana danne abokin gaba ya rasa maki ko da ba a same shi ba, wanda ya ba bindiga mai sarrafa kanta amfani na gaske. An ƙara sabon tsarin ƙwarewa, matakin Insane, damar ƙirƙirar sojan I.M.P. fiye da ɗaya, da tawagar da ta zarce mutum 18 na asali. Akwai ma ƙananan abubuwan da in ka saba da su ba ka son komawa: a fagen faɗa Shift da F na cire harsashi da kayan haɗi daga duk bindigogin da ke zube, Shift da S na tattara su wuri ɗaya.

Wajen ɗorawa a bi a hankali. Ka ɗora asalin wasan a folda mai gajeren suna kamar C:\JA2, ba cikin Program Files ba, domin Windows na hana rubutu a can, sai adanawa ta ƙi ko saituna su ƙi zama. Ka kwafi wannan foldar ka ajiye tsaftatacciya gefe, don kowace kwaskwarima ta samu tata. Ka ware giga huɗu, ya isa har da saura. Ka warware fayilolin 1.13 kai tsaye a kan foldar, ka amince a maye gurbin duk abin da aka tambaya. Idan ka ga sun shiga wata ƙaramar folda a ciki, to ba su hau ba, asalin wasan ne zai ci gaba da tashi. Kada a ɗora ta a kan Wildfire, wannan wasa ne daban. Girman hoto ana saita shi a ja2.ini ko ta INI Editor. A allon laftof mai 1366 da 768 kada ka zaɓi abin da ya fi tsayin allon, kuma ka sani duk ƙarin girma yana ƙanƙantar da mutane da rubutu. Idan hoto ya yi baƙi ko maus na jan ƙafa, ƙaramar manhajar cnc-ddraw ce maganin, sababbin sigogi ma da ita suke zuwa. Adanannun wasanninka suna cikin foldar Profiles.

Siga biyu ake magana a kai. Akwai ta 2014 da ake kira 7609, tsohuwa amma tsayayya, wadda kwaskwarima da yawa suka ginu a kanta. Akwai kuma sababbi da ke fitowa a shafin intanet na GitHub, masu ƙarin abubuwa. Kada ka sauya siga a tsakiyar kamfe. Adanannen wasa yakan ƙi buɗewa, ko ya buɗe kaya sun rikiɗe.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. A 1.13, da ka kama Drassen sarauniya za ta turo maka sojoji gommai a dunƙule, lokacin kana da mutum biyar da ƙananan bindigogi, 'yan sa-kai ko zama ɗaya ba su gama ba. An yi wannan ne don tsofaffin hannu da suka haddace wasan, ba don mai koyo ba. Ka buɗe Ja2_Options.INI da ke cikin Data-1.13, ka nemi layin TRIGGER_MASSIVE_ENEMY_COUNTERATTACK_AT_DRASSEN, ka mayar da TRUE zuwa FALSE kafin ka fara sabon wasa. Wanda ya nace sai ya fuskance shi, to ya ja lokaci kafin ya kama D13, ya tara harsashi da gurneti, ya zaɓi gini mai ƙofa ɗaya ko rufin soro, kada ya tsaya a fili.

Sauran saitunan wasu suna allon sabon wasa, wasu cikin wannan fayil ɗin, gwargwadon sigar. A karon farko ka bar sabon tsarin saiti na NCTH a kashe, domin yana sa harbin farkon wasa ya ƙara ɓacewa, kuma sai an fahimci nisa da madubin hange ake jin daɗinsa. Ka kashe tsarin abinci da ruwa, ɗawainiya ce kawai. Zaɓin da ke sa abokan gaba su zubar da duk kayansu yana da daɗin ji, amma yana rusa wasan: cikin kwana kaɗan ka cika da bindigogi, kuɗi su daina zama damuwa, alhali damuwar kuɗin ita ce ƙashin bayan wasan. Haka kantin Bobby Ray, ka bar shi a matsakaici. Sabon tsarin aljihu da sabon tsarin ƙwarewa da ma'aunin 100 kuwa ka kunna su, su ne mafi kyawun abin da 1.13 ta kawo. Duk lokacin da za ka taɓa fayil, ka fara ajiye kwafinsa, kuma ka sauya abu ɗaya-ɗaya, don in wasan ya ƙi tashi ka san inda matsalar take.

A kan 1.13 ɗin ma an gina wasu. Arulco Revisited ta sake zana yankuna ta bar labarin, ita ce mafi dacewa ga wanda ya gama asalin sau ɗaya. Urban Chaos ta kai yaƙin wata ƙasa, Danubia, faɗan cikin birni da hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa. AIMNAS ta ƙara tulin kaya da manyan filaye, faɗa ɗaya na iya cinye yamma guda, tsohuwar kwamfuta kuma takan ji jiki lokacin zagayen abokan gaba. Vengeance Reloaded da nata fayil ɗin tashi take zuwa. Kowace tana faɗin sigar 1.13 da take buƙata, kuma rashin daidaita wannan shi ne sanadin yawancin faɗuwar wasa da ake kuka da ita. Layin VFS_CONFIG_INI a cikin ja2.ini shi ke nuna wace kwaskwarima za ta tashi.

Abubuwa biyu da suka shafe mu a nan. Na farko wuta: batirin laftof na hannu ba abin dogaro ba ne, don haka kada ka zaɓi Iron Man, wanda ke hana adanawa a tsakiyar faɗa. Alt da S na adanawa nan take, Alt da L na dawo da kai, amma ka riƙa ajiye wasu a gurabe daban-daban, domin wuta na iya ɗaukewa ana cikin rubuta fayil ya lalace. Na biyu abin da ke ciki: wasan manya ne. Akwai jini, wanda ana iya kashe shi a saituna, akwai ashar, garin San Mona kuma yana da mashaya da gidan karuwai da dambe na caca. Ana iya gama wasan ba a leƙa waɗannan wuraren ba, sai dai dillalin makamai Tony a garin yake, a C5. Kada a bar wa yara shi a kwamfutar gida. Kuma a jihar da iyalai da yawa suka ɗanɗani masifar 'yan bindiga a zahiri, ƙarar harbi da kukan mai rauni ba wasa ba ne a kunnen kowa. In akwai mutane a ɗaki, a sa abin kunne.

Wanda bai taɓa bugawa ba ya ɗauki Stracciatella a matakin Novice ko Experienced. Wanda ya taɓa kai wa Meduna, babban birnin ƙasar, ya ga tankokin sarauniya ya san amfanin roka da turmi, shi ne 1.13 za ta yi wa daɗi, kuma shi ma ya fara da harin Drassen a kashe.